Igiya a Wuyan Shanun Gajere

Idan aka idar da sallar Asuba a masallacin bayan kara, wato kasuwar shanu, a Talata Mafara, yawancin mutane kan koma gida su ɗan miƙe. Gajere ba ya komawa. Yakan turo baronsa daga zaure, a ciki akwai gawayi da tsumma da wata tsohuwar wuƙar sassaƙa, da gwangwanayen fentin feshi waɗanda masu gyaran jikin mota suka yar da ɗan saura a cikinsu. Yakan bi ta wajen masu shayi ya gaisa da kowa, doguwar gaisuwa irin ta mutanenmu, a tambayi gajiya da iyali da dabbobi, shi ma ya amsa da lafiya ƙalau, alhali ba shi da dabba ko ɗaya. Daga nan sai bango. Yana aiki tun da sanyin safiya, don ya ce fenti ba ya kama bango mai zafi. In hantsi ya yi sai ya tafi neman na abinci, shi ke rubuta allunan shaguna: ana cajin waya, akwai ƙanƙara, ana ɗinkin mata. Wannan ke riƙe gidansa. Bangon ba ya kawo masa ko ƙwayar gero, kuma saboda bangon nake wannan rubutu.

Sunansa na yanka Habibullahi. Gajeren ne da gaske, sai ya hau akwatin lemo yake kai wa ƙahon shanun da yake zanawa. Bangon kuwa katangar bayan ɗakin ajiyar fatu ce ta Alhaji Abdulrashid, dillalin shanu, doguwa, tana fuskantar hanyar shiga kara. Daga wannan ƙarshe zuwa wancan shanu ne: jajayen rahaji masu dogon ƙaho, fararen bunaji, gudali masu kauri da gajeren ƙaho, da bijiman huɗa biyu-biyu. Baƙo zai ɗauka ado ne. Ba ado ba ne. Duk saniyar da ke jikin bangon nan ta taɓa rayuwa, tana da mai ita, kuma da bindiga aka kore ta.

Inda na yi karatu na ga bangaye da gadoji cike da fentin feshi, kuma mafi yawan masu yi sunansu suke rubutawa, da manyan baƙaƙe, don a san sun wuce ta nan. Na duba bangon Gajere tun daga farko har ƙarshe ban ga sunansa ba.

A wata ruga kusa da Damaga, ƙasar Maradun, aka haife shi. Kiwo ya gada, bai san wata sana'a ba. Wata rana da la'asar, shanu na mashaya, mutanen daji suka fito a kan babura. Shi da mahaifinsa aka kwantar da su ƙasa, aka kaɗa garken gaba ɗaya. Abin da ya gani na ƙarshe shi ne bayan Woɗe, jar saniyar da mahaifinsa ya ba shi tun tana maraƙa, tana gudu cikin sauran. Tsohon bai kai kaka ba ya rasu, ba ciwon komai, ya dai daina ci. Gajere ya kwaso mahaifiyarsa Umma da matarsa Hidaya suka sauka Mafara a ɗakin aro.

Hidaya ce ta ba ni labarin wannan lokaci, kuma ba ta ƙawata shi ba. Ta ce mutumin ya daina magana. Ba kurma ya zama ba, in ka gaishe shi zai amsa, amma iyakarta ke nan. Aka yi rubutu aka yi hayaƙi, aka kai shi asibiti aka ba shi ƙwayoyin barci. Abu ɗaya yake yi da kansa: duk ranar Talata sai ya tafi kara ya zauna gindin katangar nan yana kallon shanun mutane tun safe har a watse.

Wanda ya san Zamfara ta shekarun nan ya san abin da wannan zama ke jawowa. Bafulatani, ba shi da saniya, ba ya saye ba ya sayarwa, yana kallon dabbobi yana motsa baki. Aka fara raɗa cewa ƙirga su yake yi wa mutanen daji. A garuruwanmu irin wannan raɗa ta kai mutane kabari. Alhaji Abdulrashid ne ya kashe ta. Ya san mahaifin Gajere, ya sha sayen shanu a hannunsa, don haka ya tsaya a tsakiyar kara ya ce duk mai magana da yaron nan ya zo ya yi da shi. Kuma aka bincika aka gane abin da yake motsa baki a kai: sunayen shanunsa yake kira.

Zanen farko da gawayin mai tsire ya yi shi. Saniya ce ta maƙwabcinsu na ruga. Mai gadin fatu ya wanke, ya ce ɓata bango ne. Talata ta zagayo ya sake zanawa, aka sake wankewa. Bai yi gardama ba, bai kuma daina ba. Ana cikin haka wani manomi daga Garbadu, Bature, wanda aka ƙwace wa bijiman huɗa a gona da rana tsaka, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye shi ko zai iya zana sa da bai taɓa gani ba. Gajere ya ce ya faɗa masa kamanninsa.

Nan aikin ya samo hanyarsa, kuma har yau haka yake yi. Ba ya ɗaukar gawayi sai ya gama tambaya, kuma tambayar makiyayi yake yi. Wane launi, ina tabo yake, ƙahon ya buɗe ne ko ya rungume, wace irin tsaga ce a kunne, ta dama ko ta hagu, ya yake tafiya, da wane gefe yake kwanciya, in an kira shi yana ɗago kai ko sai an je. Mutum zai zo da niyyar faɗin kalma biyu, sai ya tarar ya zauna a kan dutse yana ba da labarin ranar da aka haifi dabbar. Waɗanda suka shaida sun ce da Bature ya zo kan yadda babban bijimin ke jingina kai a kafaɗarsa in an kwance garma, sai ya juya wa mutane baya na ɗan lokaci. Da ya juyo, Gajere ya zana bijimin, shi kuma ya kama rigima, wai tozon ya yi ƙanƙanta.

"Ƙara mashi, Gajere. Wanga ai tozon ɗan maraƙi na."

Matarsa da ke tsaye da kwanon sayayya ta ce a bar shi haka nan, sa ɗin da ta sani ƙashin haƙarƙarinsa ana ƙirgawa. Mahautan da ke kusa suka fashe da dariya, ɗaya ya ce tunda aka fara sace shanu bai taɓa jin an sace ramamme ba, kowa nasa ƙato ne. Gajere ya ƙara tozon kaɗan. Hidaya ta ce ranar ce ya fara ba ta labari da ya dawo gida, har ya kwaikwayi muryar matar Bature.

Daga nan Alhaji ya hana wankewa, masu gyaran mota suka fara ajiye masa gwangwanaye, gawayi ya koma fenti. Mutane suka riƙa zuwa daga Ruwan Gizo, daga Bakura, daga ƙauyukan Maradun. Kai ne, Gajere, ka sa bijimin Bahaushe manomi kusa da saniyar Bafulatani makiyayi a bango ɗaya, a lokacin da masu su ba sa iya zama a tabarma ɗaya. Ba ka yi wa kowa wa'azin zaman lafiya ba. Inda wuri ya rage nan ka sa ta gaba.

Abu ɗaya bai yi ba. Bai zana tasa ba. An sha tambayarsa, yakan ce wuri bai samu ba. Hidaya ta san ba haka ba ne. Ya gwada sau da yawa a ƙasa da tsinke, kuma kullum bayanta ke fitowa, tana gudu. Sai ya share da ƙafa.

Sai maganar Malam Zaharadeen, limamin masallacin bayan kara. Ina so a fahimce ni, don na ji ana ba da labarin nan ana mai da shi mugu. Ba mugu ba ne. Shi ya yi wa mahaifiyar Gajere hanyar ɗakin da suke ciki. Mutum ne mai tsoron abin da zai amsa gobe, kuma bangon na kan hanyar masallacinsa. Ya samu Alhaji ya gaya masa abin da ya karanta: surar abu mai rai, cikakkiya, ba ta halatta. Ko dai a shafe bangon da farar ƙasa, ko kuma a bi abin da wasu malamai suka sauƙaƙa, a ja layi a wuyan kowace dabba ya raba kai da gangar jiki, don kada surar ta cika. Alhaji ya ga wannan abu ne mai sauƙi. Shi jikan mahauta ne, layi a wuyan sa ba baƙon abu ba ne a gidansu. Ya kira Gajere ya ce ya ɗauko baƙin fenti ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Gajere ya ƙi. Wannan ne karo na farko da aka ji ya ɗaga murya tun zuwansa garin.

"Alhaji, layi ga wuyan nagge suna ɗaya gare shi. Masu su ba su san ko suna da rai ko an yanke su ba. Ni za ni hwaɗa masu da hannuna? Ni ban sa masu wuƙa."

Alhaji ya ce to shi ba zai yi jayayya da limami a kan katangarsa ba. In ba a ja layi ba, kafin azumi za a shafe.

Gajere ya ajiye baro. Hidaya ta ce cikin 'yan kwanaki ta ga mutumin da ta zo da shi daga Damaga ya dawo: abinci na hucewa a gabansa, magana ta ƙare. Masu shanun bango kuma suka rabu, wasu na cewa a ja layin kawai, ai zane ne, wasu na cewa gara a shafe da su ga an yanka musu dabba sau biyu. Bature ya zo tun daga Garbadu ya ce duk wanda ya taɓa wuyan bijiminsa su haɗu gaban alƙali, aka tuna masa katangar ba tasa ba ce, bijimin ma yanzu ba nasa ba ne.

Abin da na fi girmama Gajere a kai shi ne abin da ya yi bayan wannan. Bai kai ƙara wajen kowa ba, bai tara matasa su zagi malam ba. Ya tashi da kansa, a halin da yake ciki, ya tafi zauren Malam Zaharadeen bayan Azahar, ya tuɓe takalmi, ya gaishe shi har ƙarshen gaisuwa, sannan ya yi tambaya.

"Allah shi gafarta Malam, layin nan, mi aka biɗa gare shi? Yanka, ko rabuwa?"

Malam ya ce ba a ce a zana jini ba, ba a ce a zana wuƙa ba. Abin da ake nema kai ya rabu da jiki, a ga bango tsirara a tsakaninsu. Gajere ya tambaya ko faɗin layin da siffarsa suna da ƙa'ida. Malam ya ce shi bai ga inda aka ƙayyade ba. Gajere ya yi godiya ya tashi.

Umma, mahaifiyarsa, gwanar sassaƙar ƙwarya ce tun tana ruga, kafin idonta ya yi rauni. Irin aikin da ake kankare bayan ƙwarya a fitar da zane da farin cikinta, ba a ƙara komai, cirewa ake yi. A gabanta ya tashi yana kallo. Wuƙarta ce ya roƙa, ita ce wadda ke cikin baronsa har yau. Washegari da safe ya hau akwatin lemo gaban bijimin Bature, ya fara kankare fentin wuya har sai da simintin katanga ya fito. Ya raba kan da jikin sarai, tun daga sama har ƙasa. Amma bai yi shi miƙaƙƙe ba. Ya yi shi da murɗi, kamar yadda ake tufka, ya fitar da ƙulli a ƙarƙashin muƙamuƙi, sannan ya ci gaba da kankarewa, layin ya sauko ya yi lanƙwasa har ƙasa, inda ya zana turke.

Igiya ce. Sa yana ɗaure a gida.

Aka kira Malam Zaharadeen. Ya zo da Alhaji, mutanen kara suka biyo su. Ya matsa kusa, ya sa yatsa cikin kankarar ya bi ta daga tozo har maƙogwaro, ya tabbatar babu inda fentin kai ya taɓa na jiki. Ya ja da baya ya sake dubawa.

"Ni rabuwa na gani," in ji shi. "Kai kuma ka ga igiyarka. Yi ma sauran."

Ni ba malami ba ne, kuma ba na cewa an rufe wannan babi. Akwai malamai a garin nan da har yau ba su gamsu ba, suna da hujjarsu, wasu ma sun canza hanyar zuwa masallaci. Abin da na sani shi ne ba a shafe bangon ba. Gajere ya bi dabbobin nan ɗaya bayan ɗaya da wuƙar ƙwarya, aikin da ya fi zanen kansa wahala, har tafin hannunsa ya yi kanta. Maruƙa ya jera su a dangwali, doguwar igiyar nan mai madaukai da ake ɗaure su a ruga. Wata tsohuwa daga Ruwan Gizo da ta ga tata da igiya ta ce yau za ta yi barci, dama abin da ke damunta a zanen shi ne an bar ta sake a bakin hanya.

Da ya gama da na mutane, sai ya koma ƙarshen katangar, inda ya daɗe yana cewa babu wuri. Wannan karon da turke ya fara. Ya kafa shi, ya kankare igiya ta tashi sama ta yi madauki a kan bango tsirara, babu komai a cikinta. Ya bar ta haka har Talata ta wuce, mutane na tambaya ko ta wace ce. Sannan ya ɗauko jan fenti. Ya gaya wa Hidaya daga baya cewa da ya ɗaure ta tukuna, sai ta tsaya, da ta tsaya kuma sai ta juyo. Woɗe ita kaɗai ce a duk bangon ke kallon mai kallonta.

Ya kawo Umma ta gani. Idonta ba ya rarrabe launi sosai yanzu, don haka da hannu ta duba. Ta shafa goshin, ta nemo tsagar kunnen hagu ta gidansu ta same ta, ta sauko kan igiyar ta bi murɗin har ƙulli. Gajere ɗanta ne na fari, a al'adarsu ba ta kiran sunansa, balle ta yabe shi gaban jama'a. Da saniyar ta yi magana.

"Kin ishe gida. Wanda ya ɗaure ki ya iya ɗauri."

Yanzu katangar Alhaji ta cika. Wani mai injin niƙa a Bakura ya ba da tasa, mutanen Maradun ma sun aiko. Gajere ya ce zai fara da Bakura, amma inda ya nufa Damaga ce, akwai bangon wani shago a bakin kasuwa da ya sa wa ido. An gaya masa hanyar ba ta da tabbas. Ya ce ya sani, can aka kore shanun, can ya kamata a ɗaure su. Ban ce ya warke ba. Hidaya ta ce har yanzu ƙarar babura da yawa na sa shi ajiye cokali. Amma yana ɗauka ya ci gaba da ci.

Gajere, ɗan Umma, makiyayin bango, mun gode. Kai ne aka raba da garke ɗaya ka tara wa gari wani. Kai ne aka ba umarnin yanka ka je ka yi tambaya, ka dawo da igiya. Ba ka dawo wa kowa da saniyarsa ba, kuma ba ka taɓa cewa za ka iya ba. Ka dai ba mutane wurin da za su tsaya su nuna da yatsa su ce wannan tawa ce, a ji su. Allah Ya saka maka, Ya saka wa Alhaji Abdulrashid da ya ba da katanga, da Malam Zaharadeen da aka yi wa tambaya ya amsa da gaskiyar abin da ya sani.

Sauran mu kuma aikinmu ba shi da wuya. Mai katanga ya ba da katanga. Mai gyaran mota kada ya yar da gwangwani da saura a ciki. Wanda ya ga mutum zaune shiru a bakin kasuwa, ya tambaye shi abin da ya rasa kafin ya tambayi wanda ya aiko shi. In kuma an taɓa kore maka dabba, ko an daɗe, ka same shi da sassafe kafin bango ya yi zafi. Ka zo da kamanninta. Igiya tana wurinsa.